Manet, mizajur da haɗa shi da waya ko kwamfuta: tambayoyin da ake yi mini a shago

Ina riƙe da ɗan gidan wasa a unguwar Zariya, nan Maraɗi, kuma ina taɓa gyaran manet idan aikin bai fi ƙarfina ba. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda bakina ya gaji da amsawa, daga yaran unguwa har manya masu zuwa da kayan ƴaƴansu a leda. Na tara su wuri ɗaya don duk wanda ya sake tambaya in tura masa. Manet dai shi ne abin da ake riƙewa a buga wasa, wanda ƴan'uwanmu na Katsina da Kano ke ce wa hannun gem. Mizajur kuwa sabunta manhaja ke nan.

Wai manet ma yana da manhaja a cikinsa? Ni na ɗauka roba ce da maɓallai kawai.

Yana da ita. Idan ka kwance manet na PS4 ko PS5 ko Xbox za ka ga ɗan allo kore, a kansa akwai wata ƴar ƙwaƙwalwa baƙa da ba ta kai farcen babban yatsa ba. A cikinta kamfani ya rubuta manhajar da ke karanta abin da yatsunka suka danna, ta mai da shi saƙo, ta aika wa injin wasa ta kebul ko ta Bluetooth. Ita ce ke kula da cajin batir, da fitila, da girgiza, da lokacin da manet zai kashe kansa idan an bar shi a ajiye. Ni manhajar ciki nake ce mata, don a bambanta ta da manhajar waya ko ta kwamfuta. Tana zaune a cikin manet ɗin ko ina ka kai shi. Idan ka sabunta ta yau a kwamfutar abokinka a Ali Ɗan Sofo, gobe ka haɗa shi da wayarka a gida, sabuwar ce za ta yi aiki.

To dole ne in yi mizajur ɗin?

Ba dole ba ne. Cikin mutanen da ke kawo mini manet suna cewa "a yi masa mizajur", mafi yawansu ba nan ciwon yake ba. Wani kebul ɗinsa ne ya mutu, wani ƙura ta cika analog, ɗan sandan nan da ake juyawa da babban yatsa, wani jabu aka sayar masa, wani kuma wasan da yake son bugawa ne bai san manet ba sam. Mutanenmu sun ɗauki mizajur kamar rubutun sha, ko me ya sami na'ura shi za a ba ta.

Amma akwai inda yake da amfani na gaske. Idan manet na Xbox yana yawan yankewa a Bluetooth, ko ya ƙi haɗuwa da sabuwar waya, sabunta shi na iya kawo ƙarshen matsalar. Idan PS5 ta nuna maka cewa akwai sabuwar manhajar manet, ka yarda, don wasu abubuwan da Sony ke ƙarawa ba sa aiki sai da ita. Idan kuwa manet yana aikinsa lafiya lau a inda kake amfani da shi, ka bar shi ya huta.

Patron, na sayi manet na PS5 amma ba ni da PS5, a kwamfuta nake bugawa. Yaya zan sabunta shi?

Da can sai ka nemi mai PS5 ka roƙe shi. DualSense, wato manet na PS5, ya fito tare da ita a 2020, kuma sai a 2022 Sony ta fitar da wata ƙaramar manhaja ta Windows don wannan aiki. Yanzu sunanta PlayStation Accessories. Ka sauke ta daga shafin PlayStation kansa, kada ka ɗauko daga wani shafi da wani ya turo maka a WhatsApp. Tana buƙatar Windows 10 ko 11. Ka buɗe ta, ka haɗa manet da kebul mai kan USB-C, za ta nuna maka lambar manhajar da ke ciki, ta kuma gaya maka ko akwai sabuwa. Ka danna, ka ɗauke hannunka. Ba ya ɗaukar lokaci, kafin shayin farko ya nuna an gama, kuma ba ya cin forfen intanet mai yawa.

Manet ɗaya ake yi a lokaci ɗaya. Idan kana da biyu, ka gama da na farko, ka cire, sannan ka sa na biyu.

Na PS4 fa?

Wannan ba shi da mizajur da mai shi zai yi. Sony ba ta fitar da wata manhaja ta sabunta DualShock 4, wato manet na PS4, ba. Duk wanda ya karɓi kuɗinka ya ce ya yi wa manet ɗinka na PS4 mizajur, wataƙila dai ya tsokani ɗan ramin da ke bayansa ne kusa da L2. Wannan ramin maɓallin sake tayarwa ne, kai ma za ka iya: ka sa tsinke ka danne na ƴan daƙiƙu, sannan ka haɗa da kebul ka danna PS. Kyauta ne.

Na Xbox nawa ya ƙi fitowa a Bluetooth na waya. Mizajur zai gyara?

Ka fara duba ko yana da Bluetooth ɗin ma tukuna, don ba dukansu ba ne. Na Xbox 360 babu, wanda ba shi da kebul sai da wata na'urar karɓa ta musamman da ake soka wa kwamfuta. Na farkon Xbox One da ya fito a 2013, da wanda ya biyo shi a 2015 mai ramin iyafis, su ma babu. Sai a 2016, lokacin Xbox One S, Microsoft ta sa Bluetooth. Ga yadda ake ganewa ba sai an kunna ba: ka dubi robar da ta kewaye maɓallin tambarin Xbox. Idan haɗe take da fuskar manet, launi ɗaya, yana da Bluetooth. Idan haɗe take da robar sama inda RB da LB suke, babu. Ko kuma ka buɗe gidan batir ka karanta lambar samfuri: 1537 da 1697 babu, 1708 da 1914 akwai. 1914 shi ne na Xbox Series wanda ya fito a 2020, mai USB-C da ƙarin maɓalli a tsakiya.

Babu mizajur da zai dasa wa manet Bluetooth idan ba a ƙera shi da shi ba. Amma ba asara ka yi ba, da kebul yana aiki a kwamfuta sumul.

Idan kuwa yana da shi amma yana gardama, to nan mizajur ya shigo. A kwamfuta mai Windows 10 ko 11 ka shiga Microsoft Store ka sauke Xbox Accessories, ka haɗa manet da kebul. Ta Bluetooth ba a sabunta shi, wannan yana ruɗa mutane da yawa. A 2021 Microsoft ta fitar da wata sabuntawa da ta ba tsofaffin manetocin Bluetooth damar tuna na'ura biyu: Xbox ɗinka da kuma waya ko kwamfuta, ka danna maɓallin haɗawa sau biyu da sauri ya koma ɗayar. Ga mai yawo da manet tsakanin gida da fada, wannan kaɗai ya isa dalili.

Idan kuran ya ɗauke ana cikin yi fa?

Tambayar ɗan Maraɗi ke nan. Ana cikin mizajur, tsohuwar manhaja ake gogewa ana rubuta sabuwa a gurbinta. Idan aikin ya katse a tsakiya, manet na iya zama ba tsohuwa ba sabuwa, ka danna ya yi maka shiru ko fitila ta riƙa ƙyaftawa ba ma'ana. Shi ya sa ban taɓa yin wannan aiki a kan injin wasa ko babbar kwamfuta ta tebur ba a lokacin bazara, sa'ad da wuta ke zuwa tana komawa. Kwamfutar hannu nake amfani da ita, mai batir da ya cika, don ko an ɗauke ba ruwanta.

Idan abin ya riga ya faru, kada ka yi saurin kai wa mai gyara ya kwance. Ka sake haɗa shi da kebul mai kyau, ka buɗe manhajar kamfanin, sau da yawa za ta gane shi ta sake aikin daga farko. Na PS5 ka tsokani ramin baya tukuna. Na Xbox ka cire batir, ka bar shi ɗan lokaci, ka sa kebul. Na taɓa samun wanda bai farfaɗo ba, amma guda ɗaya ne, kuma shi ma ina zargin dama can ba na asali ba ne.

Yana caji amma kwamfuta ba ta ganinsa.

Kebul ne. Kusan in rantse. Kebul na USB na ƙwarai yana da zare na wuta da zare na saƙo a cikinsa. Masu arha da ake sayarwa a tire bakin tasha, da waɗanda ke zuwa da tocila ko ƴar fanka, zaren wuta kawai gare su. Za su ba manet caji, fitila ta kama, amma ba abin da zai isa kwamfuta. Gwaji mai sauƙi: ka haɗa wayarka da kwamfuta da wannan kebul ɗin. Idan ka iya ganin hotunanka, kebul ɗin na saƙo ne. Idan caji kawai ta nuna, ka nemi wani.

Ka kuma san bakin da naka yake so. PS3 mini-USB, PS4 da Xbox One micro-USB, PS5 da Xbox Series da na Nintendo Switch USB-C.

Me ya sa na Xbox ke aiki a kwamfuta nan take, na PlayStation kuwa sai an sha wahala?

Wannan ita ce tambayar da in ka fahimci amsarta, rabin sauran sun warware. Manet da wasa magana suke yi da juna, kuma a Windows harshe biyu ne. Akwai tsoho, DirectInput, wanda a cikinsa manet ke cewa "an danna maɓalli na 2, an danna na 7", ba tare da ya faɗi ko wane ne ba. Kowane kamfani da yadda ya jera lambobinsa. Sai a 2005, da Xbox 360 ta fito, Microsoft ta kawo XInput, inda komai ke da suna da wuri tabbatacce: A nan yake, B nan yake, RT nan yake. Masu ƙera wasanni suka ga ya fi musu sauƙi, suka rungume shi, har ya zama wasanni da yawa na kwamfuta ba sa jin wani harshe sai shi.

Windows ta Microsoft ce, Xbox ma nata ne, don haka manet na Xbox ɗan gida ne. Na Sony baƙo ne. Windows tana ganinsa sarai, ka danna tambarin Windows da R tare, ka rubuta joy.cpl, za ka same shi a jere, ka ga maɓallan suna amsawa. Wasan ne bai iya harshensa ba. Kamar Bamaraɗe ya je Agadas cikin Buzaye, ana ganinsa, ana jin muryarsa, amma sai an sami tafinta.

Tafintoci biyu ne aka fi sani. Na farko Steam, manhajar da ake saye da buɗe wasanni a kwamfuta. Idan ta cikinsa kake buɗe wasa, yana gane na PS4 da PS5 da Nintendo, ya fassara su da kansa, kuma za ka iya shigar da wasan da ba daga Steam ka same shi ba cikin jerinsa don ya ci wannan moriyar. Na biyu DS4Windows, ƙaramar manhaja ta kyauta da masu sa kai suka rubuta, wadda ke sa Windows ta ɗauka manet na Xbox 360 aka soka. Illarta ɗaya: a allo za ka riƙa ganin A da B maimakon kuros da zagaye. Wanda ya saba ba ya ma kallo.

Wasu sababbin wasanni, musamman waɗanda Sony da kanta ta kawo kwamfuta, suna jin DualSense kai tsaye. Amma taurin L2 da R2 da wannan girgiza mai laushi da ake yabon PS5 da ita, galibi sai da kebul suke aiki a kwamfuta.

Wata matsala da ta shafe mu nan: tsofaffin kwamfutoci masu Windows 7 suna nan da yawa a gari. Steam ya daina tallafa wa Windows 7 da 8 tun 1 ga Janairun 2024, kuma manhajojin mizajur na Sony da Microsoft duk ba sa hawa kansu.

Na sa DS4Windows, yanzu idan na danna sau ɗaya sai ya tafi sau biyu. A wasan ƙwallo ma ƴan wasa biyu nake ja.

Wasan yana ganin manet biyu: na gaskiya, da na ƙarya da DS4Windows ya ƙirƙiro. Ko kuma tafinta biyu ka sa suna magana lokaci ɗaya, Steam da DS4Windows. Ka zaɓi ɗaya ka rufe ɗayan. Idan DS4Windows kake so, akwai wata ƴar manhaja HidHide da ke ɓoye na gaskiyar don wasa ya ga na ƙaryar kaɗai.

Ƙananan manetocin nan na USB masu kama da na PS2, da ake kawowa daga Kano biyu a kebul ɗaya, suna da mizajur?

Babu. Tsohon harshe suke yi, shi ya sa a wasu wasanni maɓallan ke hargitsewa, ka danna fas ya buga shot, ko analog na dama ya juye. Tsofaffin wasannin ƙwallo na PES suna da wurin saiti nasu inda za ka jera maɓallai da hannu. Ga wasannin da ba su da shi, x360ce ita ce tafintarsu. Ban raina su ba, da su da yawanmu muka koyi wasa.

Yaya ake haɗawa da waya?

Na PS4: manet a kashe, ka danne Share da PS tare har fitila ta fara ƙyaftawa da sauri. Na PS5: Create da PS, Create shi ne ƙaramin maɓallin hagu na sama. Na Xbox: ka kunna, ka danne ɗan maɓallin da ke goshinsa kusa da ramin kebul har tambarin ya riƙa ƙyaftawa. Sannan ka buɗe Bluetooth na waya ka neme shi. Na PS4 da sunan Wireless Controller yake fitowa.

iPhone ta fara karɓar na PS4 da na Xbox One mai Bluetooth daga iOS 13 a 2019. Na PS5 da na Xbox Series sai iOS 14.5 a 2021, na Nintendo kuwa iOS 16. A Android, daga 10 zuwa sama na PS4 yana tafiya daidai, na PS5 ya fi son 12 zuwa sama. A wayoyin da suka girmi haka yana iya haɗuwa amma maɓallan su rikice. A nan wayar ce ke bukatar sabuntawa, ba manet ba, kuma ka san yawancin wayoyin da ke hannunmu kamfanoninsu ba sa daɗewa suna aiko da sabuwar Android. Idan Bluetooth ya ƙi, ka gwada ɗan adafta na OTG, wanda ke ba ka damar soka kebul na USB a waya. Wasu wayoyin sai ka shiga saiti ka kunna OTG da hannu, kuma yana kashe kansa bayan ƴan mintuna idan ba a soka komai ba.

Ya haɗu, har ina zagaya allon waya da shi, amma a PUBG ba ya motsi.

Waya ta karɓe shi, wasan ne bai karɓa ba. PUBG Mobile ba a yi shi don manet ba. Call of Duty Mobile yana karɓar na PS4 da na Xbox, amma a cikin fafatawa kawai, wurin zaɓe-zaɓe sai ka taɓa allo. Akwai manhajojin da ke mai da danna maɓalli ya zama kamar taɓa allo, sai dai masu wasan na iya ɗaukar haka a matsayin maguɗi su rufe maka asusu. Yaron da ya shekara yana zuba kuɗi a asusunsa ya yi tunani kafin ya gwada.

Tun da na haɗa shi da waya ya daina kunna PS4.

Na PS4 na'ura ɗaya kawai yake tunawa. Ka soka shi a PS4 da kebul, ka danna PS, ya dawo gida. Ka kuma kashe Bluetooth na wayar ko ka goge shi daga jerinta. Na PS5 ma haka yake a da, amma a 2025 Sony ta ƙara masa damar tuna na'urori har huɗu, kowacce a kan ɗaya daga maɓallan nan huɗu na dama. Wannan kam sai an yi mizajur.

Zan iya buga PS5 da manet na PS4? Ko PS4 da na PS5?

Na PS4 yana aiki a PS5, amma a wasannin PS4 kaɗai. Wasan da aka yi don PS5 ba zai karɓe shi ba. Na PS5 kuwa ba ya aiki a PS4 kai tsaye. Na Xbox ba ya aiki a PlayStation, na PlayStation ba ya aiki a Xbox, sai da adafta ta wani kamfani daban. Wannan ba lalacewa ba ce, kasuwanci ne. Xbox sun fi sassauci a cikin gidansu: na Xbox One yana aiki a Series, na Series yana aiki a One.

Yaya, ni ɗalibi ne a jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, Linux ke kan kwamfutata. Akwai dabara?

Ƙanena, kai ka fi mai Windows sa'a a wani fannin. Direbobin manet, wato ƙananan manhajojin da ke sa kwamfuta ta gane shi, a cikin zuciyar Linux suke zuwa, ba sai ka sauke komai ba. Na PS3 da PS4 sun daɗe suna aiki. Na PS5 ma'aikatan Sony da kansu suka rubuta direbansa, ya shiga Linux 5.12 a 2021. Na Nintendo ya shiga a 5.16. Na Xbox da kebul direban xpad ke ɗaukarsa. Inda ake samun ciwon kai shi ne na Xbox ta Bluetooth: idan yana haɗuwa yana yankewa, ka sa xpadneo, ka kuma tabbata manhajar cikin manet ɗin sabuwa ce. Abin dariyar shi ne, sabuntawar sai ka nemi aron Windows ko Xbox, don Microsoft ba ta yi Xbox Accessories na Linux ba, Sony ma haka. Ka je wurin abokinka sau ɗaya, an wuce wurin.

Mai Mac shi ma haka: tun macOS Catalina na PS4 da Xbox ke haɗuwa ta Bluetooth, na PS5 daga Big Sur 11.3.

Na Nintendo me ya sa A da B suke a juye?

Haka Nintendo ke jera nata tun da daɗewa: A a dama, B a ƙasa. Na Xbox A a ƙasa, B a dama. A Steam akwai wurin da za ka zaɓi wane jeri kake so. Sabunta shi kuwa a cikin saitin Switch ake yi, sashen manet.

Ɗan wasana yana tafiya shi kaɗai ban taɓa komai ba. Mizajur?

A'a. A ƙarƙashin kowane analog akwai ƙananan abubuwa biyu masu auna juyawa, wani ɗan ƙarfe na goga wani zobe mai baƙin shafe. Yau da gobe shafen yana cinyewa, ƙura kuma tana shiga. Mu da hunturu ke rufe mu da ƙura tun Disamba har Fabrairu, ga yara na cin ƙuli-ƙuli suna riƙe manet, namu ba sa kai kwanan na wasu wurare. Manhaja ba ta mayar da abin da ya goge.

Abin da za ka iya: ka hura iska a gindin analog, ka ɗiga ɗan alkol na goge na'ura kana juya shi. Kada ka sa man inji ko fetur, na ga wanda ya yi, robar ta narke ta yi danƙo. A wasanni da yawa da kuma Steam akwai saitin da ke sa a yi watsi da ƙaramin motsi na tsakiya, ka ɗan ƙara shi. Idan ya yi tsanani sai a canza analog ɗin da dalma. Akwai sabon samfuri mai aiki da maganaɗisu, ba abin da ke gogar wani a ciki, ya fi daɗewa. Ni dai da dare nake lulluɓe nawa duka da zane.

Yaya zan gane jabu?

Na PS5 da Xbox, manhajar kamfani ita ce alƙali: ka haɗa da PlayStation Accessories ko Xbox Accessories, idan kebul mai kyau ne kuma ba ta gane shi ba, ka san inda aka dosa. Shi ya sa nake ce wa mai saye ya yi sharaɗi da mai shago cewa zai gwada ya dawo. Na PS4 ya fi wuya don jabunsa sun ƙware. Ka ɗaga shi ka ji nauyi, ka dubi rubutun baya ko ya yi dishi-dishi, ka gwada faifan taɓawa na tsakiya da yatsa ba danna kawai ba, ka soka iyafis ka ji. Wasu jabun suna aiki a PS4 na ƴan mintuna sai su yanke, saboda injin yana tambayarsu shaida su kasa bayarwa. Microsoft ma daga Nuwamban 2023 ta fara toshe kayan da ba ta amince da su ba a Xbox.

Kada a haɗa jabu da na wasu kamfanoni masu sunansu, irin 8BitDo. Waɗannan ba kwaikwayo suke ba, suna da manhajar sabuntawa tasu, wasu ma suna da ɗan makunni a baya na sauya harshe: X na Windows, S na Switch, D na Android. Idan irinsu ya ƙi aiki, makunnin nan za ka fara dubawa.

Na yi mizajur, abin ya fi da lalacewa. Ana komawa baya?

Sony ba ta ba da wannan hanya ba. Microsoft ta bayar ga wasu manetocin Xbox One masu Bluetooth, saboda bayan sabuntawar 2021 wasu tsofaffin na'urori sun daina ganinsu. Kafin ka kai can, ka goge manet daga jerin Bluetooth na waya ko kwamfuta ka sake haɗawa sabo. Sau da yawa na'urar tana riƙe da tsohon bayaninsa ne.

Ina dannawa sai an jima ya amsa.

Bluetooth da Wi-Fi sau da yawa layi ɗaya suke bi, na 2.4 gigahaz, kuma a fada inda kowa ya kunna raba intanet a wayarsa layin cunkushe yake. Ka matso kusa, ka cire iyafis na Bluetooth idan ka haɗa shi da wayar, ka duba batir. A kwamfutar tebur kada ka soka ɗan Bluetooth a baya kusa da bakin USB mai shuɗi, yana kawo masa hayaniya. Wani lokaci ma talabijin ce ke jinkirin, ka nemi yanayin wasa a saitin hotonta. Idan gasa ce ta sa kuɗi ko ta mutunci, kebul.

Malam, ni ban san komai a harkar nan ba. Ɗana ya dame ni in saya masa, yana bugawa a wayata da kwamfutar yayansa. Wanne zan saya?

Hajiya, ki fara tambayarsa sunan wasan, a duba ko yana karɓar manet, kada ki sayi abin da zai zauna a kwaba. Idan yana karɓa, na Xbox mai lamba 1708 ko 1914 ya fi sauƙin sha'ani a kwamfuta da waya duka, ba sai an ƙara wata manhaja ba. Batir biyu irin na rediyo ƙanana yake ci, sai ki haɗa masa da masu caji don kada ya riƙa kwashe na rimot. Idan kuwa akwai PS4 a gidan ko a maƙwabta inda yake zuwa, na PS4 za ki saya. Ki sa yayan ya raka ki da kwamfutarsa a gwada a gaban mai shago, ki sayi kebul na ƙwarai tare. Kuma ki ja masa kunne kada ya bar shi a cikin mota ko bakin taga a watan Afrilu, zafin nan namu da ke haura digiri 40 yana kumbura batir.